Baƙin Kaka a Gulbin Maraɗi: Wanda Ya Gani, Ya Rubuta

Kowace shekara idan watan Satumba ya raba, hatsi ya nuna, manoman jahar Maraɗi suka duƙufa ga yanka da ɗaurin dami, akwai wata babbar ƙaura da ke gudana bisa kawunansu wadda ba kowa ke ɗaga kai ya dube ta ba. Shamuwa, wadda ta zo da ruwan farko ta yi sheƙa bisa itatuwan gari, tana tattara ƴaƴanta ta nufi kudu. A daidai wannan lokaci kuma waɗansu tsuntsaye ke saukowa daga arewa, bayan sun ƙetare bahar Rum da hamadar Sahara, suna neman ruwa da abinci cikin fadamar gulbi, tun daga Madarunfa da Jiratawa har Maraɗi da Tsibirin Gobir. Manomi yana ganinsu, makiyayi yana ganinsu, haka ma masunci da mai lambu. Da maraice a dandali ko a ƙofar masallaci akan ji wani ya ce yau ya ga tsuntsun da bai taɓa ganin irinsa ba, a yi ta gardama a kan kamanninsa, sannan a watse, labarin ya bi iska. Labarin nan kuwa yana da amfani ga ƙasa, kuma tun da karatun manya ya shiga ƙauyuka an samu hannuwan da za su iya tsare shi da alƙalami.

Masu tafiya da masu zuwa

Tsuntsayen da ke ƙaura ta ƙasar Nijar kashi biyu ne. Kashi na farko ƴan Afirka ne, masu bin ruwan sama duk inda ya nufa, kuma shamuwa ce aka fi sani cikinsu. Takan iso ƙasar Hausa cikin watan Afrilu ko Mayu, shi ya sa idan manomi ya gan ta sai ya gyara sungumi ya fiddo iri, kuma bisa al'ada ba a taɓa sheƙarta ko ƙwanta. A farkon shekarun 2000 waɗansu masu bincike na ƙasar Danmak sun ɗaura wa shamuwoyi ƙananan na'urori a kudancin Nijar, tauraron ɗan'adam yana bin sawunsu, sai aka ga bayan kaka sun ratsa tsakiyar Afirka sun sauka Tanzaniya, inda ruwa ke farawa lokacin da daminar Sahel ke ƙarewa. Cilakowa ma takan yi jerin gwano zuwa kudu idan ciyawa ta soma bushewa.

Kashi na biyu su ne baƙin Turai da yammacin Asiya. Can suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe a lokacin zafi, amma da sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe ƙasa, ƙwari su mutu, ruwa ya daskare, dole su taso. A shekara ta 2009 waɗansu masana na ƙasar Suwis sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin miliyan 2,100 ne ke barin Turai kowace kaka su nufo Afirka kudu da hamada. Cikinsu akwai wanda nauyinsa bai wuce giram 10 ba, watau kamar ƙwayar sukari biyu, amma yana ƙetare rairayi da duwatsu na tsawon kilomita kusan 2,000. Kafin ya tashi sai ya ci ya tara kitse, wanda shi ne guzurinsa. Yawancinsu da dare suke tafiya, da rana su fake a inuwar dutse ko ta wani ƙaramin icce. Manyan tsuntsaye kamar farar shamuwa dabararsu daban ce: suna hawa iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, su yi sama ba tare da kaɗa fiffike ba, sannan su sulalo gaba. Da yake irin wannan iska ba ta tasowa bisa teku, sai su nemi inda ruwa ya fi ƙunci, watau mashigin Jibraltar tsakanin Spaniya da Maroko, wanda faɗinsa kilomita 14 ne, ko kuma mashigin Santambul a ƙasar Turkiyya.

Duk wanda ya fito daga hamada a gajiye, koren farko da zai tarar shi ne na Sahel bayan damina. A nan ne mai lura zai ga farar shamuwa mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda waɗansu ke kira galantoyi, tana kiwon fara cikin gonar da aka girbe. Zai ga ƙaramar agwagwar ruwa da littattafan Faransanci ke kira «sarcelle d'été» ta haɗa garke da kirinjijiya bisa tabki, share-fage kuma na gudu a bakin taɓo. Akwai ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa tsakanin ƙafafun shanu, akwai tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro, akwai kuma wani siririn shaho mai launin toka, «busard cendré», da ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa karan dawa. Waɗannan baƙi ne na kowace shekara. Ban da su akwai waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba, kamar baƙar shamuwar Turai, wadda ta fi ta gida girma nesa, da gaggafar ruwa mai faɗawa cikin tabki ta cafko kifi da ƙafa, da farar angulu mai rawayar fuska. Irin waɗannan su ne ganinsu ya cancanci a ba da labari tun ranar.

Masaukin baƙi

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya shigo Nijar ta gundumar Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma idan ya janye yakan bar tabkuna da damshi cikin fadama. A da ruwansa yana da ƙarfin da a shekara ta 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi, har aka tashi mutane zuwa bisa tudu inda birnin yake yanzu. Tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, ga kuma shekarun ƙarancin ruwan sama, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, wuraren da tsuntsun ruwa ke sauka su ma suka ragu.

Wannan ne ya ƙara wa tabkin Madarunfa daraja, domin yana riƙe ruwa har cikin rani. An san shi da kifi da kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda Nijar ta shigar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a shekara ta 2006. A shekara ta 2019 kuma an sanya tabkin cikin wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987. Amma takarda ba ta hana rairayi cike tabki, kuma kowace damina ruwa na kwaso ƙasa daga gonakin da ba su da itatuwa ya zuba cikinsa.

A Jiratawa akwai wani masauki da hannun mutum ya gina. Gandun noman rani da aka buɗe can a farkon shekarun 1980, mai faɗin fiye da hekta 500, yana shan ruwan rijiyoyin burtsatse, saboda haka lokacin da ko'ina ya bushe shi yana kore da zogale, albasa, alkama da masara. Inda akwai damshi da ganye akwai ƙwari, inda akwai ƙwari kuwa ƙananan tsuntsayen Turai za su yada zango. Mai lambun da ke ban ruwa tun asuba har hantsi ya fi kowa damar sanin ranar da suka iso da ranar da suka tashi.

Masauki na uku shi ne icce, amma ba kowane icce ba. Tsakanin 2011 da 2019 waɗansu masu bincike na ƙasar Holan, bisa jagorancin Leo Zwarts, sun bi Sahel daga Senegal har Habasha suna ƙidayar tsuntsaye icce bayan icce. Sun tarar baƙin Turai sun fi taruwa bisa ƴan itatuwa kaɗan masu ƙaya, musamman gawo, da dangin farar ƙaya da bagaruwa, da aduwa. Dalili shi ne gawo yana fitar da ganye da fure bayan damina, lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa, sai tsutsa da ƙwari su taru bisansa. Bedi da turare, waɗanda aka kawo daga ƙasashen waje, kusan ba a samun baƙin bisansu ko kaɗan. Titunan Maraɗi cike suke da bedi, kuma inuwarsa alheri ce ga mutane, amma gawon da ke tsaye cikin gonakin Tsibiri shi ke ciyar da matafiya.

A nan manoman jahar sun riga sun yi aikin da duniya ta yaba. Tun daga shekara ta 1983, lokacin da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya soma aiki da manoman Maraɗi a kan barin tohon kututture ya girma, sassaben zamani ya bazu ƙauye bayan ƙauye. Binciken da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa an maido da itatuwa kimanin miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, yawancinsu a jahohin Maraɗi da Damagaram. Manomi ya bar gawo ne domin taki da abincin dabbobi, sai ga shi ya gina wa baƙin kaka gida ba tare da ya nufa ba. Ko yawan baƙin ya ƙaru bisa waɗannan itatuwa, wannan tambaya ce da ƙidayar mutanen wurin, shekara bayan shekara, za ta fi kowa iya amsawa.

Abin da tsuntsu ke faɗa game da ƙasa

Wani zai ce mene ne ruwan talaka da ƙidayar tsuntsaye, ga aikin gona, ga tsadar abinci. Amsar tana cikin tarihin fari. A ƙasar Ingila tun 1962 akwai mutanen gari, malamai da manoma da ƴan fansho, da ke ƙidaya tsuntsayen unguwarsu kowace shekara su aika wa wata cibiya. A bazarar 1969 sai suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, «fauvette grisette», wanda ke cin rani a Sahel, fiye da kashi biyu cikin uku nasa bai komo ba. Da aka bincika aka gane ruwan 1968 ne ya gaza a Afirka ta Yamma. Watau littattafan waɗannan masu ƙidaya sun nuna alamar farin shekaru huɗu kafin yunwar 1973 ta cika kunnen duniya. Haka aka sake gani bayan farin 1984.

Misali na biyu yana kusa da gida. Dattawan Maraɗi suna tune da lokacin da angulu ke cika mahauta da bakin kasuwa. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso yana ƙidaya tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan angulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro. Angulun gari ma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Ba don ƙidayar farko ba, da babu mai iya auna girman asarar. Gauraka, wadda kukanta ya saba tashin mutanen fadama, ita ma ta zama abin labari a yawancin ƙasar Hausa, kuma ba a rubuta shekarar da ta daina zuwa kowane tabki ba.

Ga manomi kuma akwai riba ta kai tsaye. Shamuwa ta gida da ta Turai, balbela, shirwa da siririn shahon nan mai launin toka duk fara ce babban abincinsu. Masu binciken Holan da suka soma bin wannan shaho da tauraron ɗan'adam a 2005 sun biyo shi har Nijar, suka tarar yana wuni ne yana tsintar fara da babe cikin gonaki da saura. Ya kamata a bambanta su da jan baki mai cinye hatsi da dawa, wanda ɗan Afirka ne, ba ya zuwa Turai. Idan aka fesa maganin ƙwari mai ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba, mai cin farar yakan mutu tare da ita, shekara mai zuwa fara ta dawo ba mai tare ta. Saboda haka ne a shekarun 1990 aka gwada wani magani a gabashin Nijar wanda aka haɗa daga wata irin funfuna, yana kashe fara ya bar tsuntsu.

Zobe a ƙafa

Turawa da kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba, har waɗansu malamansu na da suka ce tsattsewa cikin taɓon tabki take kwana har sanyi ya wuce. A shekara ta 1822 aka harbi wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostock. Wani maharbin Afirka da ba a san sunansa ba shi ne ya ba su shaidar farko. A 1899 kuma wani malamin makaranta ɗan Danmak, Hans Christian Mortensen, ya soma sanya wa tsuntsaye zoben gorar ruwa mai lamba a ƙafa, dabarar da ake bi har yau.

Kowane zobe yana ɗauke da lamba da sunan garin cibiyar da ta sanya shi, kamar Paris, London, Helgoland ko Arnhem. Idan aka aika da lambar tare da rana da wurin da aka same shi, cibiyar za ta duba littafinta ta faɗi inda aka kama tsuntsun, da shekarunsa, da nisan da ya yi. Sau da yawa masunci kan tsinci irin wannan zobe cikin koma, ko yaro ya same shi ga tsuntsun da ya kama, a yi wasa da shi ya ɓace. Zoben ba azurfa ba ne, ba ya da kuɗi a kasuwa, kuma ba laya ba ne. Darajarsa tana ga lambar, kuma duk wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci zai iya kwafe ta.

A yanzu ana ɗaura wa manyan tsuntsaye wata ƙaramar na'ura a baya, mai ɗan siririn ƙarfe, wadda ke faɗin inda suke. Wanda bai sani ba yakan tsorata. A 2013 an tsare wata farar shamuwa a ƙasar Masar bisa zaton leƙen asiri take yi, alhali masanan ƙasar Hangari ne suka ɗaura mata na'urar domin sanin hanyarta. A wannan shekara kuma aka ɗaura wa wata ƴar farar angulu irin wannan na'ura a ƙasar Girka, aka sa mata suna Paskalis. Ta ƙetare teku da hamada lafiya ta sauka jahar Damagaram, amma a watan Fabrairu na 2014 wani maharbi mai sayar da sassan angulu ga masu tsibbu ya kashe ta. Irin wannan angulu kaɗan ne suka rage a ƙasashen Balkan, saboda haka mutuwar guda ɗaya babbar asara ce.

Masu ƙidaya na gida da na maƙwabta

Aikin tattara labarin tsuntsayen Nijar ba yau aka fara shi ba. A 1988 mujallar Malimbus ta buga jerin da Patrick Giraudoux da abokan aikinsa suka haɗa, wanda ya tattaro abin da aka sani har zuwa 1986. A shekarun 1990 ma'aikatan gandun daji na ƙasa tare da Joost Brouwer da Wim Mullié sun zagaya tabkunan kudancin Nijar cikin watannin sanyi suna ƙidayar tsuntsayen ruwa, aikin da ya taimaka aka ware wurare 15 masu muhimmanci ga tsuntsaye a 2001. Daga bisani aka buɗe rumbun bayanai inda duk wanda ya ga tsuntsu a Nijar zai iya zuba shaidarsa, aka kuma faɗaɗa shi ya haɗa da Burkina Faso da Cadi. A yau an san fiye da iri 500 na tsuntsaye a ƙasar. Sai dai yawancin shaidun daga Yamai, gandun W da bakin kogin Isa suka fito, kuma galibi baƙi ne suka rubuta su. Baƙo yakan zo kwana biyu ya wuce, mai gari kuwa yana nan dukan shekara.

Maƙwabta sun nuna abin mai yiwuwa ne. A Najeriya cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015. An raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, samari da ɗalibai suka kafa ƙungiyoyi, har da ta jihohin arewa, suna fita suna rubuta abin da suka gani. Yawancinsu ba masana ba ne lokacin da suka fara. Gulbi ɗaya ya haɗa Katsina da Maraɗi, kuma garken da ya kwana a Jibiya yana iya wayar gari a Madarunfa, saboda haka rabin labarin yana wancan gefe, rabi yana wannan.

Yadda ake rubuta shaida

Gani ya kori ji, amma ganin da ba a rubuta ba yakan koma ji bayan kwana biyu. Shaidar da masana za su karɓa tana bukatar abubuwa kaɗan. Na farko rana, wata da shekara, da lokacin yini. Na biyu wuri, da sunan ƙauye mafi kusa da kuma ko tabki ne, gona, lambu ko icce, da sunan iccen. Na uku adadi: idan garke ne babba sai a ƙirga goma, a dubi faɗin da suka ci, a auna sauran da shi. Na huɗu kamanni, a gwada girmansa da tsuntsun da kowa ya sani, kamar kurciya, zabo ko dinya, a faɗi launin baki, ƙafa, ciki da fiffike, da abin da yake yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka a kwatanta kukan ma idan an ji. Mai salula ya ɗauki hoto ko da daga nesa ne, kuma ya kira wani ya gani tare da shi, domin shaidar mutum biyu ta fi ta ɗaya.

Ga misalin yadda layi ɗaya zai kasance: 14 ga Oktoba, da hantsi, gonar dawa gabas da Jiratawa, manyan fararen tsuntsaye 6 masu baƙin gefen fiffike, baki da ƙafa ja, sun fi shamuwa tsawo, suna cin fara, ɗaya da zobe a ƙafar dama. Wanda bai san sunan tsuntsu ba ya rubuta abin da idonsa ya gani kurum, kada ya ƙara gishiri, domin ƙarya guda ɗaya tana ɓata littafi duka. Idan akwai sunan da tsofaffi ke kiran tsuntsun da shi, da Hausa, Fulatanci ko Tamajak, a rubuta shi, gama sunayen su ma suna ɓacewa tare da masu su.

Ba baƙon tsuntsu kaɗai ke shiga littafi ba. Ranar da shamuwar farko ta sauka a gari, yawan sheƙunanta, ranar da ta ƙarshe ta tashi, yawan angulun da ke zuwa mahauta ranar kasuwa, duk abubuwa ne da ajin karatun manya zai iya ɗauka aikinsa. Ko ranar da aka je tabki ba a ga kome ba a rubuta, domin rashin gani shi ma shaida ne. Bayan shekara 10 littafin da aka saya da kuɗi kaɗan zai faɗi abin da babu wani ofishi da ya sani game da wannan gari.

Hattara da amanar labari

Akwai abubuwa uku da mai lura zai kiyaye. Labarin tsuntsu mai wuyar gani, musamman angulu da sheƙarta, a kai shi ga ma'aikatan gandun daji, kada a yi shelarsa a kasuwa inda zai faɗa kunnen mai neman sayarwa. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma ta tanadi hukunci ga mai kashe abin da aka hana. Abu na biyu, idan aka tarar da tsuntsaye da yawa matattu a bakin ruwa, kada a taɓa su, kada a ci, kada a bar kaji su kusance su, a sanar da likitan dabbobi nan da nan. Murar tsuntsaye ta bayyana a Magarya a watan Fabrairu na 2006, kuma labarin da ya zo da wuri shi ke ceton kajin gari. Abu na uku, duk mai fita da madubin hangen nesa ko na'urar hoto ya fara gaida maigari ya faɗi abin da ya kawo shi, domin a zamanin da ake fama da rashin tsaro baƙon ido yana tada hankali.

Sauran aiki yana ga hukuma. Ma'aikatan gandun daji na gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji, da na birnin Maraɗi, za su iya ajiye rajista guda inda ake karɓar shaidu da zobba, a kuma maido wa wanda ya kawo zobe amsar da cibiyar ta bayar, domin wanda ya ji cewa tsuntsunsa daga Jamus ko Holan ya taso ba zai sake jefar da zobe ba. Malaman yaƙi da jahilci za su iya mai da wannan darasin rubutu da lissafi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ke da sashen aikin gona da muhalli, tana da ɗaliban da za su iya tace littattafan ƙauyuka su haɗa su wuri ɗaya. Kowane watan Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, aikin da aka soma tun 1967, kuma ya dace masuntan Madarunfa da masu lambun Jiratawa su kasance cikin masu riƙe da alƙalami a ranar. Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika gulbi da tabki, ya sa baƙi su sauka lafiya su tashi lafiya.